Tausayin Ɓera da Hisabin Ɗan Adam

A cikin halittun da suke kwana gida ɗaya da ɗan Adam, da wuya a sami wanda ya kai ɓera baƙin jini, domin shi ne mai huda buhu, mai ɓarnar rumbu, mai cin gefen littafin malami da tufafin da aka adana a adaka, kuma shi ne wanda shari'a ta lissafa cikin dabbobi biyar da aka halatta kashe su ko da a cikin Harami ne, ko da mutum yana cikin ihrami, saboda yawan cutarwarsu. Har ya zo a hadisi ingantacce cewa a riƙa kashe fitila in za a kwanta, don kada ɓera ya ja lagwani ya ƙone gida da mutanen da ke cikinsa. To, wannan halitta da ba mai tsammanin alheri daga gare ta, ita ce masana ilmin ƙwaƙwalwa suka zuba wa ido a shekarun nan, suka ga a tare da ita wani al'amari da ya cancanci ma'abota tunani su tsaya a kansa, balle mu da muka tashi ana karantar da mu cewa rahama sifa ce ta Ubangiji, kuma duk abin da bayi suke da shi nata daga gare Shi ya zo.

A watan Fabrairu na shekarar 2025 mujallar Science ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Li Zhang da Huizhong Tao. Sukan ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan ɓeraye biyu da suka saba zama a keji ɗaya, su ba shi maganin sa barci irin na tiyata har ya fita hayyacinsa, sa'an nan su mayar da shi gaban abokin zamansa, su bar na'urar ɗaukar hoto tana kallo. Sai mai lafiyar ya zo ya fara sansanar na kwancen, ya koma lasar jikinsa yana gyara masa gashi, in ya ga shirun ya yi yawa ya tattara himmarsa a kan fuska, yana lasar idanu, yana cizon baki, har ya kai ga kama harshen ɗan'uwansa ya jawo shi waje, abin da ke faɗaɗa hanyar numfashi. Da masu binciken suka sa ɗan ƙwallon roba a bakin wanda ya suman, masu agajin sun cire shi a kashi 80 cikin ɗari na gwaje-gwajen, kuma waɗanda suka sami wannan hidima sun riga waɗanda aka bari su kaɗai farfaɗowa da miƙewa. Ba su yi haka ga mai barcin lafiya ba, kuma da zarar na kwancen ya dawo hayyacinsa sai su ƙyale shi su ci gaba da sha'aninsu. Ba wanda ya koya musu, domin matasa ne 'yan wata biyu zuwa uku, waɗanda ba su taɓa ganin sumamme ba kafin ranar.

Wannan labari yana da magabata. A 2006 Jeffrey Mogil da abokan aikinsa a Jami'ar McGill ta Kanada sun nuna cewa ɓeran da ke jin ciwon ciki yakan ƙara murɗewa in yana ganin abokin kejinsa cikin irin ciwon, wato abin da ya taɓa hanci ne idanu ke ruwa. A 2024 Weizhe Hong da mutanensa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun sa wa ɓera dafin ƙudan zuma a ƙafa, sai ɗan'uwansa ya zo ya riƙa lasar daidai wurin da ciwon yake, har mai ciwon ya rage lasar kansa. Amma gwajin da ya fi shahara shi ne na Jami'ar Shikago a 2011, wanda Inbal Bartal da Jean Decety da Peggy Mason suka yi da manyan ɓeraye: a kulle ɗaya cikin wani matsattsen bututu mai ƙofar da ba ta buɗuwa sai daga waje, a saki ɗayan a fili, a maimaita kullum, cikin kamar mako guda sai 23 daga cikin 30 suka gano yadda ake ture ƙofar, suka mayar da buɗe ta al'ada, alhali kaɗan ne suka damu da buɗe bututun da ba kowa a ciki ko wanda aka sa ɓeran wasa. Da aka ajiye bututu na biyu mai ɗauke da cakulan, abincin da ɓera ke matuƙar so, sai suka buɗe duka biyun, kuma a kamar rabin gwaje-gwajen suka rage wa wanda suka 'yanta wani abu ya ci.

Akwai masanan da suka ja burki, suka ce kada a yi gaggawar kiran wannan tausayi, domin mai yiwuwa ɓeran son abokin hira ne ya kai shi ƙofar, ko son sanin ƙwaƙwaf ne ya kai shi bakin sumamme, kuma jan burkin nasu yana da amfani, sai dai an yi wani gwaji inda wanda aka buɗe wa zai fita ta wani ɗaki dabam, ba za su haɗu ba, aka ga masu buɗewar sun ci gaba da buɗewa. Ni dai abin da nake gani shi ne, zuciyar maƙwabcina ma a rufe take gare ni kamar yadda ta ɓera take, kuma da zan ƙi kiran mutum mai tausayi har sai na tsaga ƙirjinsa na duba, da ban kira kowa da wannan suna ba har in mutu. Malamanmu sun daɗe da warware mana wannan, da suka ce hukunci a kan zahiri ake yin sa, asirai kuwa Allah ke jiɓintar su. Zahirin da ke gabanmu shi ne halitta ta ga 'yar'uwarta cikin ƙunci, ta bar abin da take yi, ta nufi ainihin wurin ƙuncin, ta yi abin da ya sauƙaƙa shi, kuma ta daina da ƙuncin ya gushe.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce wadda ta biyo bayan buɗe ƙwaƙwalwar. Masu binciken ba su tsaya ga kallon ɗabi'a ba, sun bi ta har gida. Na Kudancin Kalifoniya sun gano cewa a lokacin da ɓera ke agajin sumamme, wasu ƙwayoyin jijiya ne ke tashi a wani gurbi da ke gindin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira hipotalamas, kuma ƙwayoyin nan su ne masu samar da sinadarin oksitosin, wanda aka daɗe da sanin aikinsa a naƙuda da zubowar nono da shaƙuwar uwa da jariri. In aka danne su agajin ya ragu, in aka zuga su ya ƙaru. Su Hong kuma sun nuna a 2021 cewa lallashin da ɓera ke yi wa ɗan'uwansa da ya firgita yana fitowa ne daga wasu ƙwayoyi a sashen da ake kira amigdala, har sukan kunna su da haske ta wata siririyar waya, ɓeran ya kama gyaran gashin na kusa da shi. Lasar wurin ciwo kuwa suka same ta rataye da wani lanƙwasasshen sashe na ɓawon ƙwaƙwalwa ta gaba, sashen da a jikin ɗan Adam ma yakan motsa in mutum ya ji zafi, ya kuma motsa in ya ga masoyinsa na jin zafi. Daga nan ne wasu ke tsalle su ce ashe rahama sinadari ce kawai, ashe abin da annabawa suka yi wasiyya da shi, mawaƙa suka yaba, bai wuce ruwan da ake iya ɗurawa da allura a kuma tsayar da wata allurar ba.

Wannan magana tana da kwarjini ga wanda bai zauna gaban malamin tauhidi ba, amma duk wanda ya karanta rabe-raben hukunci da Imamu Sanusi ya yi, na shari'a da na hankali da na al'ada, ya san cewa gano sababin abu bai taɓa zama kore Mai sabbabawa ba, domin tun kafin a ƙera madubin likita mun san ƙoshi yana rataye da abinci, ƙuna tana rataye da wuta, gani yana rataye da lafiyar ido, kuma ba wanda ya ce saboda makanta na zuwa in jijiyar ido ta lalace, to gani ba ni'ima ba ne. Alaƙar oksitosin da agaji hukunci ce ta al'ada, an tabbatar da ita ta maimaita gwaji, kuma ya kamata mu karɓe ta da hannu biyu kamar yadda muka karɓi sauran ilmin likitanci. Hasali ma, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya gaya mana cewa rahamar da ke yawo tsakanin halittu duka kashi ɗaya ce daga cikin kashi 100, sauran 99 suna ajiye wurin Allah, kuma misalin da aka bayar a ciki ba na wani waliyyi ba ne, na dabba ce mai kofato da ke kiyaye kada ta taka ɗanta. Wanda ya yi imani da cewa an saukar da rahama ƙasa an raba ta har ga dabbobi, bai kamata ya firgita don an nuna masa ma'ajiyar da aka zuba ta a jikinsu ba. Abin da ke cikin jiki ai dole ya sami mazauni a cikin jiki. Kuma aya ta 38 ta Suratul An'am ta riga ta sanar da mu cewa masu tafiya a ƙasa da masu tashi da fiffike al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma.

Inda binciken ya fi kama ni shi ne wani gwaji da su Bartal da Mason suka wallafa a 2016. Sun ba ɓeran da ke sake maganin kwantar da hankali mai suna midazolam, wanda ke gusar da fargaba, sai ya daina buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa, yana kallonsa a kulle ba abin da ya dame shi. Amma in cakulan aka kulle a bututun, wannan ɓeran da aka ba maganin yakan buɗe ya ci, wanda ya nuna cewa ba ƙarfinsa ko wayonsa maganin ya ɗauke ba, damuwar da ke cizon sa saboda halin ɗan'uwansa ita aka ɗauke, kuma da ta tafi sai taimakon ya bi ta. Shekara ɗari tara kafin wannan, Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa na sharhin sunayen Allah kyawawa, Al-Maƙsadul Asna, cewa jinƙan da ke tsakanin bayi yana zuwa ne tare da wani raɗaɗi da ke kama zuciyar mai jinƙan ya tura shi ga biyan bukatar wanda ya tausaya wa, ta yadda a cikin taimakon nasa akwai rabon kansa, domin yana neman sauƙi ne daga abin da ke sukar sa. Rahamar Ubangiji kuwa ta tsarkaka daga wannan, kuma tsarkakar tata kamala ce, tun da amfaninta duka na wanda aka ji ƙai ne. Abin da Hujjatul Islam Gazali ya hango da basira, shi ne aka taɓa da hannu a Shikago: rahamar halitta, ta ɓera ce ko ta mutum, a kan raɗaɗi take hawa.

Kada mai karatu ya fahimci cewa raɗaɗin nan abin rainawa ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye yayin da aka miƙo masa jikansa yana gargarar mutuwa, kuma da Sa'adu ɗan Ubada ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa wannan ita ce rahamar da Allah Ya sanya a zukatan bayinSa. Kyauta ce, kuma wanda aka cire wa ita ya yi babbar hasara. Sai dai kyauta ba abin alfahari ba ce ga wanda aka ba, domin bai saye ta da komai ba, kuma ga shi ɓeran da muke kafa wa tarko an ba shi nasa rabon. Gwajin nan na midazolam ya kuma nuna cewa ɓerayen da firgicinsu ya fi tsanani su ne suka fi kasa taimako, wato raɗaɗin in ya yi kaɗan ba ya motsa mai shi, in ya yi yawa ya daskarar da shi, kuma a tsakanin nan ne ɗan Adam yake bukatar haƙuri da natsuwa, waɗanda tarbiyya ce ke samar da su. A nan ma ya wajaba in faɗi cewa ilmin nan da azabar waɗannan ƙananan bayin Allah aka saye shi, da allura da dafi da ƙunci, kuma halaccin kashe ɓera don kare gida bai zama halaccin azabtar da shi ba. Duk wanda ya tabbatar da hannunsa cewa ɓera na jin ciwon ɗan'uwansa, hujja ta hau kansa ya taƙaita abin da yake ɗora masa ga gwargwadon larura.

Tausayin ɓera kuma yana da iyaka, iyakarsa ita ce sabo. A gwajin Kanada ciwon baƙo bai ƙara wa ɓera ciwo ba, a na Kudancin Kalifoniya ma agajin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba ga wanda aka sani. A 2014 su Bartal suka bi diddigin wannan da jinsi biyu na manyan ɓeraye, farare sol da masu baƙin kai da doro, suka ga farin ɓera yana buɗe wa fari ko bai taɓa ganin sa ba, amma yana ƙyale mai baƙin kai a kulle. Da suka haɗa shi keji ɗaya da mai baƙin kai guda ɗaya na mako biyu, sai ya koma buɗe wa kowane mai baƙin kai, har wanda bai sani ba. Sa'an nan suka ɗauki jariran farare tun ranar haihuwa suka ba uwa mai baƙin kai ta shayar da su cikin 'ya'yanta, da suka girma sai suka riƙa taimakon jinsin da ya rene su, suka ƙyale farare 'yan jinsinsu na asali. Ibnu Haldun ya faɗi kwatankwacin wannan a Muƙaddimarsa tun ƙarni na takwas na Hijira, inda ya nuna cewa amfanin nasaba shi ne haɗin kan da take haifarwa, kuma cuɗanya da daɗewar zama tare da tarayya a reno da shayarwa suna haifar da irin wannan haɗin kan ko babu jini. Kakanninmu kuwa suka taƙaita shi da cewa zumunta a ƙafa take. Darasin da ke nan ga garuruwan da ƙabilu da addinai suka koma zaman unguwa-unguwa, yaro ya girma bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da ɗan wani yare ba, a bayyane yake, kuma yana da ban tsoro.

To, a daidai wannan iyaka ne taklifi ya fara. Ɓera ba mukallafi ba ne, ba a aiko masa manzo ba, ba za a tambaye shi don me ya wuce baƙo a kulle ba, domin iyakar abin da aka ba shi ke nan, kuma ya yi aiki da shi. Ɗan Adam kuwa an ba shi raɗaɗin nan, aka ƙara masa hankalin da zai gane cewa ciwon wanda bai sani ba daidai yake da ciwon wanda ya sani, aka ƙara masa niyya wadda da ita yake iya tashi ya yi taimako a ranar da zuciyarsa ta bushe ba ta jin komai, aka kuma umarce shi a aya ta 36 ta Suratun Nisa'i da kyautata wa maƙwabci na nesa kamar na kusa, da matafiyin da ba a san asalinsa ba, har aka ba shi labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare. Saboda haka nake ganin cewa mutumin da tausayinsa ya tsaya ga iyalinsa da danginsa da mutanen garinsu bai riga ya taka matakin da aka halicce shi dominsa ba, ko da kuwa yana zubar da hawaye a kansu dare da rana. Hisabinsa yana kan abin da ya wuce nan.

Akwai gwaji ɗaya da ya rage, wanda ɗakin binciken Peggy Mason ya wallafa a 2020, kuma shi ne ya fi kusa da abin da muke gani a titunanmu. Sun sa ɓera mai iya taimako tare da wasu 'yan kallo da aka ba midazolam, waɗanda ke zaune ba ruwansu da na kulle, sai shi ma himmarsa ta mutu, ya kasa kai ko abin da yake yi in yana shi kaɗai. Da aka sa shi tare da 'yan'uwa masu cikakken hankali da ke nuna damuwa, sai taimakon ya fi na shi kaɗai sauri da ɗorewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin haɗarin mota ya san wannan hali, jama'a sun yi da'ira, ana salati, wayoyi a sama ana ɗaukar hoto, kowa na jiran wani ya fara, wasu kuma na tsoron kada taimako ya jawo musu zama shaida, alhali mutum na kwance numfashinsa na sarƙewa. Ɓera yana da uzuri in sanyin 'yan kallo ya kama shi, mu kuwa fiƙihun da muke karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya da Damagaram bai bar mana wannan uzuri ba, domin Shehu Halil a Muhtasar ɗinsa, a babin yanka, ya ɗora lamuni a kan wanda yake da ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙi, da wanda ya hana zaren ɗinke rauni ga mai bukatarsa, da wanda ya hana rarar abinci ko ruwa ga wanda ya matsu. Wato a mazhabar Imamu Malik tsayawa kallo laifi ne da ke iya jawo biyan diyya.

Ina roƙon malamanmu masu tafsiri da masu huɗuba su fito da wannan mas'ala daga cikin littafi su karanta wa jama'a ita da harshen da kowa zai gane, kuma shugabannin 'yan agajin masallatai da makarantun Islamiyya su nemi ma'aikatan lafiya su koya wa matasa abin da ake yi wa wanda ya suma: a duba ko yana numfashi, a cire abin da ake gani ya tokare masa baki, a ɗaga haɓarsa don hanyar iska ta buɗe, in yana numfashi kuma ba a zargin karaya a wuya ko gadon baya a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa, a kuma gaggauta kai shi asibiti ba tare da tambayar ɗan wane gari ne ko wace alƙibla yake kallo ba.